Yadda Za Ka Nazarci Al'ada da Tarbiyya da Idon Masanin Zamantakewa

Duk wanda ya fara karatun ilimin zamantakewa yakan ci karo da darussa biyu tun a makonnin farko, wato al'ada da tarbiyya, kuma abin da mafi yawan ɗalibai suke yi shi ne su haddace ma'anoni da sunayen masana, su juye su a takardar jarrabawa, kafin zangon karatu na gaba kuwa duk sun bi ruwa. Waɗannan darussa kayan aiki ne da aka tanada domin kallon mutane, saboda haka wanda bai taɓa gwada su a kan mutane na zahiri ba, da wuya su zauna masa a ka. Hanyar da ta fi inganci ita ce mutum ya zaɓi wuri guda ƙarami, ya gano ƙa'idojin da suke tafiyar da shi, sannan ya bi sawu ya ga yadda aka koya wa mutanen wurin waɗannan ƙa'idoji. Aikin ba ya buƙatar komai illa littafin rubutu da alƙalami da haƙuri.

Kafin ka fita, ya kamata ka riƙe ma'anoni biyu. A shekarar 1871 masanin Ingila Edward Tylor ya bayyana al'ada da cewa ta ƙunshi ilimi, da imani, da fasaha, da ɗa'a, da doka, da duk wata ƙwarewa ko ɗabi'a da mutum ya samu saboda kasancewarsa ɗan wata al'umma. Abin lura a bayanin nasa shi ne al'ada koyonta ake yi, ba a haifar mutum da ita, kuma ta jama'a ce, ba ta mutum guda ba. Tarbiyya kuwa ita ce hanyar da wannan koyo yake bi, tun daga ranar haihuwa har zuwa tsufa. A wannan fage ba a taƙaita ta ga koyon kyakkyawan hali ba, domin yaron da ya koyi gaskiya a gida da matashin da ya koyi yankan aljihu a cikin gungun ɓarayi, hanya iri ɗaya suka bi, wato kallo da kwaikwayo da yabo da tsawatarwa.

Zaɓen wuri da yadda ake rubutu

Masanin da ya fi shahara da kafa wannan salon bincike shi ne Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand, kusa da Niyu Gini, tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya riƙa rubuta abin da suke yi kullum maimakon ya dogara da labarin matafiya. Kai ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Ɗakin jiran ganin likita, ko aji, ko ofis, ko layin banki, ko filin wasan yara, kowanne ya isa. Sharaɗin shi ne wurin ya zama wanda kake da damar zama a cikinsa ba tare da ka takura wa kowa ba, kuma wanda za ka iya komawa sau da dama a lokuta daban-daban, domin abin da ka gani sau ɗaya zai iya zama katari, amma abin da ya maimaita kansa safe da yamma tsari ne.

Ka raba kowane shafi na littafinka gida biyu. A ɓangaren farko ka rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji kawai, a na biyu ka rubuta fassararka. Wannan rabo shi ne mafi wahalar dukkan aikin, domin hukunci yakan riga bayani zuwa bakin alƙalami. Idan ka rubuta cewa wani matashi ya yi rashin kunya, ba ka rubuta abin da ya faru ba, ra'ayinka ka rubuta. Abin da ya faru shi ne ya katse maganar wanda ya girme shi, mutum uku suka juyo suka dube shi, ɗaya ya girgiza kai, shi kuma ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Jimla ta biyu tana ɗauke da ƙa'ida, da masu tsaronta, da irin horon da aka yi, da shaidar cewa mai laifin ya san ƙa'idar. Jimla ta farko ba ta ɗauke da ko ɗaya daga ciki.

Matsalar nazarin wurin da ka saba da shi ita ce sabo yana rufe ido. A 1956 wani masani ɗan Amurka, Horace Miner, ya rubuta maƙala a kan wata ƙabila mai ban mamaki, wadda mutanenta suke da ɗakin tsafi a kowane gida, suna cusa ƙullin gashi a baki kowace safiya, suna kuma zuwa wurin wani boka ya huda musu haƙora. Masu karatu da yawa sai daga baya suka gane cewa Amurkawa yake nufi, da banɗakinsu da buroshin goge baki da likitan haƙori, sunan ƙabilar ma juya sunansu ya yi ta baya. Ka ari wannan dabara: ka rubuta shafi guda a kan wurin da ka zaɓa kamar kana yi wa wanda bai taɓa ganin irinsa ba bayani, ba tare da ka ɗauka ya san dalilin komai ba.

A zuwan farko ka lissafa kayan da suke wurin, kamar kujeru da yadda aka jera su, da tufafin ma'aikata, da allunan sanarwa, da na'urori. Wannan shi ne ɓangaren al'ada da ake iya taɓawa, kuma yakan tona asirin ɓangaren da ba a gani, domin wanda aka ba kujera mai hannu da wanda aka bari a benci ba matsayinsu ɗaya ba. William Ogburn ya nuna a 1922 cewa kayan ƙere-ƙere sukan canza da sauri, ƙa'idojin amfani da su kuma su biyo baya a hankali. Wayar hannu ta isa misali, domin ta shiga aljihun mutane shekaru da dama kafin a daidaita a kan ko ya dace a amsa kira a tsakiyar taro, ko a ɗauki hoton mutum ba da izininsa ba.

Gano ƙa'idojin da ba a rubuta ba

A nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Idan ka tambayi mutane ƙa'idojin wurinsu, za su faɗa maka waɗanda aka manna a bango, amma waɗanda suka fi ƙarfi ba za su zo musu a rai ba, saboda sun zame musu jiki. Emile Durkheim, masanin Faransa, ya bayyana a 1895 cewa al'amuran zamantakewa suna wajen mutum ne kuma suna da ikon tilasta masa, sai dai ba ya jin wannan tilas matuƙar yana bin tsarin, sai ranar da ya yi ƙoƙarin kauce masa. Darasin aiki da za ka ɗauka daga nan shi ne ka daina neman ƙa'ida kai tsaye, ka nemi lokacin da aka karya ta. Duk inda ka ga an yi shiru ba zato, ko an yi dariyar da ba ta da dalili a fili, ko an harari wani, ko wani ya yi saurin ba da haƙuri, to an taka wata ƙa'ida, kuma aikinka shi ne ka gano wace ce.

Ɗauki layin jira. Babu dokar ƙasa da ta ce wanda ya riga zuwa shi ne zai riga shiga, amma ka lura da abin da yake faruwa idan wani ya tsallake. Wani lokaci a yi gunaguni kawai, wani lokaci a mayar da shi baya da tsawa, wani lokaci kuma a ƙyale shi ba tare da ko kallo ba saboda tsoho ne, ko mai juna biyu ce, ko kuma yana sanye da kayan da suke nuna muƙami. Waɗannan keɓantattun lokuta sun fi ƙa'idar kanta amfani a wurin mai nazari, domin su ne suke nuna abin da mutanen suka fifita idan ƙa'idoji biyu suka yi karo, misali adalcin riga zuwa da tausayin mai rauni, ko adalcin riga zuwa da tsoron mai iko.

Bayan ka tara ƙa'idoji goma ko fiye, sai ka jera su bisa nauyi. William Graham Sumner ya bambanta a 1906 tsakanin al'adun yau da kullum, waɗanda saɓa musu ba ya jawo fiye da kallo ko dariya, da ƙa'idojin ɗa'a masu nauyi, waɗanda jama'a suke ganin zaman lafiyarsu ya rataya a kansu. Cin abinci da baki buɗe yana cikin rukunin farko, cin amanar wanda ya ba ka ajiya yana cikin na biyu. Sama da waɗannan akwai abubuwan ƙyama, waɗanda ko ambatonsu yana tayar da hankali, kamar auren uwa da ɗanta, sannan a gefe akwai doka, wadda hukuma ta rubuta ta kuma tanadi masu aiwatar da ita. Ma'aunin jerawar shi ne ƙarfin martanin jama'a, ba yadda abin ya dame ka kai ba. Ka rubuta kowane martani, ka nuna ko na lada ne, kamar murmushi da yabo da ƙarin girma, ko na horo ne, kamar harara da ƙauracewa da tara, sannan ko hukuma ce ta yi shi ko jama'a ne da kansu.

Kada ka ɗauka doka da al'ada kullum tafiya ɗaya suke yi. A ƙasar Suwidin an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 1955, sama da kashi 80 cikin 100 na masu zaɓe suka ce a ci gaba da tuƙi a hannun hagu, amma duk da haka majalisa ta yanke shawarar canzawa, kuma a ranar 3 ga Satumba 1967 ƙasar gaba ɗaya ta koma hannun dama. A can doka ce ta ja al'ada. A wasu lokutan kuma doka tana nan a takarda amma jama'a ba su ɗauke ta da nauyi ba, har wanda ya bi ta shi ne ake yi wa kallon baƙo. Idan ka ga irin wannan a wurin da kake nazari, ka tsaya a kansa.

Akwai wata dabara da Harold Garfinkel ya shahara da ita a shekarun 1960, wato karya ƙa'ida da gangan domin a ga martani. Ya taɓa umartar ɗalibansa su koma gida su yi zaman baƙo na ɗan lokaci, su riƙa magana da ladabi na musamman, su nemi izini kafin su taɓa komai. Iyalai da yawa suka ruɗe, wasu suka fusata, wasu suka tambaya ko ɗan nasu ba shi da lafiya. Gwajin ya nuna cewa ko yawan ladabi laifi ne idan an yi shi a inda ake tsammanin sakin jiki. A ganina mai koyo bai kamata ya yawaita wannan ba, domin yana sa mutanen da ba su san ana gwaji da su ba cikin damuwa. Ya fi dacewa ka jira masu karya ƙa'ida ba da niyya ba, wato ƙananan yara da baƙi da sababbin ma'aikata, waɗanda kullum akwai su, kuma gyaran da ake yi musu a fili ake yinsa.

A bayan kowace ƙa'ida akwai abin da jama'a suke darajantawa. Domin ka kai gare shi, ka tambayi wani daga cikin mutanen wurin dalilin ƙa'idar, idan ya ba da amsa ka sake tambayar dalilin amsar, har ka kai inda zai ce ai haka ya kamata, ba shi da wani ƙarin bayani. Wannan matsaya ita ce darajar da ake karewa. Sai dai ka gwada abin da aka faɗa da abin da ka rubuta a ɓangaren farko na littafinka, domin masana sun bambanta al'adar da ake faɗa a baki da wadda ake aikatawa. Ofis zai iya rataye allo mai cewa kowa daidai yake, alhali hanyar shiga ta manya daban take. Wannan giɓi ba dalilin zargin mutane da munafunci ba ne, abin nazari ne, domin babu al'ummar da ba ta da shi.

Alamomi ma suna buƙatar kulawa, saboda ma'anarsu yarjejeniya ce kawai. A Bulgeriya gyaɗa kai sama da ƙasa yakan nuna ƙi, saɓanin yadda aka sani a ƙasashe da yawa. Edward Hall kuma ya nuna a shekarun 1960 cewa hatta tazarar da mutum biyu suke bari a tsakaninsu idan suna hira koyonta ake yi, kuma ta bambanta daga al'umma zuwa al'umma.

Tarko mafi girma a wannan mataki shi ne auna al'adar wasu da ma'aunin taka, abin da Sumner ya yi bayaninsa tun a wancan aiki na 1906. Maganin da Franz Boas da ɗalibansa suka kawo shi ne a fahimci kowace ɗabi'a a cikin muhallinta, a tambayi me take nufi ga masu yinta, wane aiki take yi musu. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka wannan yana nufin amincewa da duk abin da aka ce al'ada ne, kuma wannan kuskure ne. Fahimta daban, amincewa daban, domin likita yana nazarin cuta ba tare da ya so ta ba. Abin da ake buƙata shi ne ka jinkirta hukunci har ka gama bayani. Ka kuma tuna cewa mutanen wuri guda ba baki ɗaya suke magana ba: matasa, da masu sana'a ɗaya, da mabiya wata aƙida, kowanne yana da ƙaramar al'adarsa a cikin babbar, saboda haka duk lokacin da aka ce maka haka muke yi, ka tambayi kanka wa yake magana, wa kuma yake amfana da tsarin.

Bin sawun yadda aka koya

Da ka samu ƙa'idoji a hannu, tambaya ta gaba ita ce yadda suka shiga zukatan mutane har suke bin su ko babu mai kallo. Shaidar da ta fi nuna muhimmancin wannan koyo ta fito ne daga yaran da aka hana su cuɗanya. A 1938 an gano wata yarinya mai shekara 6 da rabi a jihar Ohayo ta Amurka, wadda aka kulle a ɗaki mai duhu tare da mahaifiyarta kurma. Ba ta iya magana ba, amma bayan horo mai zurfi na kimanin shekara 2 ta kamo sa'o'inta, kamar yadda Kingsley Davis ya ruwaito. Wata kuma da aka gano a Kalifoniya a 1970 tana da shekara 13 ta koyi kalmomi da yawa, amma ba ta taɓa ƙware a haɗa jimla ba. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, Michael Rutter da abokan aikinsa sun bi rayuwar yaran gidajen marayu da iyalai a Birtaniya suka ɗauka, suka gano cewa waɗanda suka bar gidajen kafin su kai wata 6 sun taso kamar sauran yara, waɗanda suka daɗe kuwa matsaloli sun fi yawa a cikinsu. Idan za ka kafa hujja da waɗannan labarai ka yi hattara, domin yaran sun haɗu da yunwa da cin zarafi tare da kaɗaici, kuma raba tasirin kowanne abu ne mai wuya.

Masana biyu ne za su fi taimaka maka wajen kallon yara. Charles Horton Cooley ya bayyana a 1902 cewa mutum yana gina sanin kansa ne ta matakai uku: yana ƙiyasta yadda wasu suke ganinsa, yana ƙiyasta hukuncin da suke yanke masa, sannan ya ji alfahari ko kunya. Ka lura cewa ƙiyasi ne, kuma zai iya zama kuskure, shi ya sa ɗalibi mai hazaƙa zai iya ɗaukar kansa daƙiƙi saboda ya yi wa shirun malami mummunar fassara. George Herbert Mead, wanda ɗalibansa suka tattara darussansa suka buga a 1934 bayan rasuwarsa, ya nuna yadda yaro yake koyon sa kansa a matsayin wani. Da farko yana kwaikwayo ne ba tare da fahimta ba. Daga baya ya shiga wasan zama uwa ko likita ko direba, inda yake ɗaukar matsayin mutum guda a lokaci guda. A ƙarshe ya iya wasa mai dokoki kamar ƙwallon ƙafa, wanda ba ya yiwuwa sai ɗan wasa ya riƙe a ransa abin da mai tsaron gida da 'yan baya da abokan hamayya za su yi a lokaci ɗaya. Daga nan ne yake fara jin idon jama'a gaba ɗaya a kansa, ya bar cewa mahaifiyata ta hana, ya koma cewa ba a yin haka. Idan ka saurari yara masu shekaru daban-daban suna wasa, ka rubuta irin waɗannan jimloli, domin sauyin daga ta farko zuwa ta biyu shi ne tarbiyya a aikace.

Sai ka lissafa masu koyarwar. Iyali ne na farko, kuma tasirinsu ya fi zurfi saboda yaro ba shi da wata duniyar da zai gwada tasu da ita. Amma iyalai ba iri ɗaya suke koyarwa ba. Melvin Kohn ya nuna a 1969 cewa iyayen da aikinsu yake buƙatar bin umarni sun fi jaddada biyayya da tsafta ga 'ya'yansu, waɗanda aikinsu yake ba su damar yanke shawara kuma sun fi jaddada tunani da kamun kai, wato kowa yana shirya ɗansa ne domin irin duniyar da shi ya sani. Makaranta tana koyar da karatu da lissafi, amma Philip Jackson ya ja hankali a 1968 zuwa ga ɓoyayyiyar manhaja, wadda ta ƙunshi jiran lokaci, da ɗaga hannu kafin magana, da karɓar maki daga wanda ba danginka ba. Tsararrakinsa su ne rukunin farko da yaro yake shiga ba tare da babba yana tsaye a kansa ba. Ga kuma addini, da wurin aiki, da kafafen watsa labarai da na sada zumunta. Inda waɗannan masu koyarwa suka saɓa wa juna, kamar gida ya ce abu kaza abokai su ce akasinsa, nan ne nazari yake da daɗi, domin a nan ake ganin wanda mutum ya fi jin kunyarsa.

Domin ka samu wannan bayani, ka yi hira da mutum uku masu tazarar shekaru, a kan ƙa'ida guda daga cikin waɗanda ka gano. Kada ka tambaye su yadda aka yi musu tarbiyya, domin za su ba ka wa'azi. Ka tambaye su ranar farko da suka tuna an gyara musu wannan abu, wa ya gyara, me ya ce, su waye suke wurin, me suka ji a ransu. Ka kuma tambayi salon gyaran, domin salon yana barin tabo na kansa. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya lura cewa tsananta wa masu koyo yana koya musu ƙarya da yaudara da kasala, saboda tsoron hukunci yana sa su nuna abin da ba shi ne a zuciyarsu ba. Shi ne kuma ya ce mutum ɗan abin da ya saba da shi ne, fiye da yadda yake ɗan halittarsa.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma binciken da aka ambata a sama ya goyi bayan haka, amma rabin labarin ke nan, domin manya ma ana ci gaba da tanƙwara su. Robert Merton ya yi bayanin yadda mutum yake fara ɗaukar ɗabi'un rukunin da yake burin shiga tun kafin ya shiga, kamar ɗalibin aikin lauya da ya fara magana da shiga irin ta lauyoyi. Aure, da haihuwa, da sabon aiki, da ritaya, kowanne yana zuwa da darasinsa. Mafi tsananin nau'in shi ne wanda Erving Goffman ya bayyana a 1961, bayan ya yi kimanin shekara guda yana nazari a wani babban asibitin masu taɓin hankali a birnin Washintan. Ya nuna cewa cibiyoyin da suke mamaye rayuwar mutum gaba ɗaya, irin su kurkuku da sansanin horon soja, sukan fara ne da tuɓe wa sabon shiga tsohon kamanninsa, su aske masa kai, su karɓe tufafinsa, su ba shi lamba, sannan su gina sabon hali ta hanyar lada da horo. Idan akwai sabon ma'aikaci a wurin da kake nazari, ka bi makonninsa na farko, za ka ga ƙaramin samfurin wannan. Wani lokaci kuma koyarwar takan juya, yara su zama malaman iyayensu, kamar yadda ake gani a harkar waya da intanet.

Akwai haɗari guda da yake samun wanda ya fara jin daɗin wannan fanni, wato ya riƙa ganin mutane kamar ba su da zaɓi. Dennis Wrong ya gargaɗi masana a kan haka a 1961. 'Ya'yan gida ɗaya sukan tashi da hali daban-daban, kuma da tarbiyya tana cin nasara ɗari bisa ɗari, da babu al'adar da za ta taɓa canzawa. Saboda haka ka keɓe shafi domin waɗanda suka ƙi bin ƙa'idar, ko suka bi ta a fili suka yi mata ba'a a ɓoye, ko suka sake mata fassara.

Idan ka zo rubuta sakamako, ka ɓoye sunayen mutane da duk abin da zai sa a gane su, kuma kada ka yi amfani da hirar wanda bai san nazari kake yi ba. Ka fara da bayanin wurin, sannan ƙa'ida guda da shaidar da ta nuna maka ita, da martanin da ya biyo bayan karya ta, da darajar da take karewa, da waɗanda suka koyar da ita da salon da suka bi. Sunan masani ya zo ne bayan shaida, a inda ra'ayinsa ya haska abin da ka gani, kuma idan abin da ka gani ya saɓa wa ra'ayinsa ka rubuta hakan ƙarara, tare da adadin lokutan da ka ga saɓanin da yanayin da ya faru a ciki.